YOHANNA NOKS, MAI WA'AZIN SIKOTLAND

Ƙasar Sikotland tana arewa da Ingila, a tsibiri ɗaya su ke, ba teku tsakaninsu. Mu a nan mukan haɗa su duka mu ce Turawan Ingila, amma mutumin Sikotland ba ya son a kira shi haka, gama shekaru ɗaruruwa suna da sarkinsu dabam, da shari'arsu dabam, har sun sha yaƙi da Ingila. Ƙasa ce ta duwatsu da tafkuna da sanyi da ruwan sama. A zamanin Noks mutanenta kashi biyu ne. Na kudu da na gabas manoma ne da 'yan kasuwa, harshensu ya yi kusa da Ingilishi. Na cikin duwatsun arewa makiyaya ne da mayaƙa, harshensu Gelik, suna zaune dangi dangi, kowane dangi da shugabansa wanda maganarsa ta fi ta sarki ƙarfi a wurinsu. Su ne aka sani da tufafi masu zane-zane da algaita mai salka. Abincin talaka a ko'ina a lokacin kunu ne da waina na wani hatsi da a ke kira ots, da kifi in an samu.

A cikin wannan ƙasa aka haifi Yohanna Noks, wajen shekara ta 1514, kusa da garin Hadinton, gabas da Edinbara babban birni. Ubansa ba basarake ba ne. An haife shi kuwa a mugun lokaci. Cikin 1513 sojan Ingila suka kashe Sarki Yakubu na Huɗu da manyan ƙasa da yawa a yaƙin Filodin, sarauta ta faɗa wa jariri. Wannan jariri ya girma ya zama Yakubu na Biyar, shi ma ya mutu cikin 1542, ya bar 'yarsa Maryamu tana da kwana 6 a duniya. Ƙasar da sarakunanta jarirai ne, hakimai ne su ke cin kasuwarsu. Waɗansu suna jan ƙasa wajen Faransa, tsohuwar abokiyarsu, waɗansu suna janta wajen Ingila.

Ekklesiya ɗaya ce a lokacin, watau ta Roma, tana kuma riƙe da gonaki da dukiya mai yawa ƙwarai. Akwai firistoci na kirki a cikinta, kuma ita ce ta kafa manyan makarantu uku na ƙasar, a Sant Andurus da Gilasgo da Abadin. Amma manyan muƙamanta sun zama abin rabo ga 'ya'yan hakimai, har da yara ƙanana, firist na ƙauye kuwa sau da yawa matalauci ne marar ilmi. Ana sujada da Latin, manomi yana tsaye ba ya jin kome. Littattafan Luta da Sabon Alkawari na Ingilishi suka fara shigowa a ɓoye cikin jiragen 'yan kasuwa. Cikin 1528 aka ƙone wani saurayi ɗan babban gida, Fatirik Hamilton, a Sant Andurus saboda koyarwar barata ta wurin bangaskiya.

Noks ya yi karatu, aka naɗa shi firist wajen 1536. Ya yi aikin rubuta takardun shari'a da na ciniki, daga baya ya zama malamin 'ya'yan waɗansu masu ƙasa. Bai bar mana labarin ranar tubansa ba. Abin da ya bayyana shi ne, a ƙarshen 1545 wani mai wa'azi, Joji Wishat, ya zo yankinsu, sai aka ga Noks yana tafiya a gabansa riƙe da babban takobi irin wanda a ke ɗauka da hannu biyu, domin ya tsare shi. Daren da za a kama Wishat, ya karɓe takobin daga hannun Noks, ya sallame shi ya koma wurin almajiransa, domin a ganinsa ran mutum ɗaya ya isa. Ran 1 ga Maris 1546 aka ƙone Wishat a Sant Andurus bisa ga umurnin Kadinal Biton.

Ba a yi wata uku ba waɗansu mutane suka shiga kagarar Sant Andurus da asuba, suka kashe Biton, suka kulle kansu a ciki. Ba hannun Noks a wannan kisa, amma bai yi baƙin ciki da shi ba, ya kuwa rubuta labarinsa daga baya da murna. Wannan yana cikin abubuwan da ba zan wanke shi ba. Cikin Afrilu 1547, da ya ga ana farautarsa, ya shiga kagarar da almajiransa.

KIRA DA BAUTA

A can ne aka kira shi wa'azi. Mutane sun ji yadda ya ke koya wa yara Bishara ta Yohanna, suka roƙe shi ya hau mumbari, ya ƙi. Ran nan mai wa'azin kagarar, Yohanna Raf, ya juya a gaban taron duka ya kira shi da suna, ya ɗora masa aikin da sunan jama'a, jama'a kuwa suka amsa. Noks ya fashe da kuka, ya gudu ɗakinsa, ya yi kwanaki ba ya sakin fuska. Wanda duniya ta sani da rashin tsoro, da hawaye ya shiga aikin. Wa'azinsa na fari daga Daniyel sura 7 ya ɗauko shi.

Bai daɗe a kan mumbarin ba. Cikin Yuli 1547 jiragen yaƙi na Faransa suka zo suka ci kagarar. Manyan mutane aka kai su kurkuku, sauran kuwa, har da Noks, aka sa su cikin jiragen da bayi su ke tuƙawa. Ku duba irin wannan zama: mutum ɗaure da sarƙa a kan benci, shi da waɗansu suna jan filafili guda mai nauyi, mai bulala yana kai da kawowa a tsakiya, rana da sanyi da ruwa duk a kansu. Wata 19 ya yi haka. A nan ya sami ciwon da bai rabu da shi ba har mutuwarsa. Ya ba da labari cewa ran nan aka kawo wa wani ɗan Sikotland siffar Maryamu Budurwa, aka ce ya sumbace ta, shi kuwa ya jefa ta cikin kogi. Masu tarihi suna tsammani shi kansa ne mutumin. Wata rana kuma jirgin ya bi gaɓar Sikotland, yana kwance da zazzaɓi har an fid da rai, abokinsa ya ɗaga shi ya nuna masa hasumiyar Sant Andurus. Ya gane ta, ya kuma tabbatar wa abokin ba zai mutu ba sai ya sake yin wa'azi a wurin.

Aka sake shi a farkon 1549. Ya tafi Ingila, inda yaro Sarki Edwad na Shida ya ke goyon bayan gyaran ekklesiya. Ya yi aiki a Berik da Nukasil, ya zama ɗaya daga cikin masu wa'azin sarki, har aka ba shi muƙamin bishop na Rocesta, ya ƙi karɓa. Edwad ya mutu cikin 1553, yayarsa Maryamu ta hau gado ta mai da Ingila ƙarƙashin Paparoma. Noks ya ƙetare teku ya gudu. Waɗansu abokansa da suka tsaya aka ƙone su, wannan kuwa ya dame shi ƙwarai, yana tuhumar kansa ko gudun da ya yi na matsoraci ne.

Gudun nan ya kai shi Janiba, birnin Yohanna Kalbin. Ya yi ɗan zama a Farankfut ta Jamus, gardama a kan tsarin sujada ta fitar da shi, ya koma Janiba ya zama fasto na 'yan gudun hijira masu jin Ingilishi. A nan ya ga abin da ya riƙe a zuciya sauran kwanakinsa: ekklesiya wadda fasto da dattawa su ke bi da ita tare, yara suna makaranta, ana kula da matalauta, kowa yana raira Zabura da harshen da ya ke ji. Ya auri Majori Bos, ta haifa masa 'ya'ya maza biyu, Nataniyel da Ele'azara.

A Janiba kuma ya yi babban kuskurensa. Cikin 1558 ya buga wani littafi yana cewa mulkin mace saɓa wa Allah ne da halitta. Abin da ya zuga shi a fili ya ke, gama mata ne su ke mulkin Ingila da Sikotland, suna kuwa tsananta wa masu bi. Amma ya ɗauki laifin mutum biyu ya jibga wa mata duka, da kalmomi masu zafi, alhali ya san labarin Debora. Kalbin kansa bai ji daɗin littafin ba. Cikin shekaran nan Maryamu ta Ingila ta mutu, Alisabatu ta hau, wadda ita ce za ta taimaki masu gyara. Ba ta taɓa yafe masa ba, har ta hana shi bi ta ƙasarta sa'ad da zai koma gida.

SHEKARU BIYU DA SUKA JUYA ƘASA

Ya sauka Sikotland a farkon Mayu 1559. Uwar sarauniya, Bafaranshiya, ita ke riƙon ƙasa da sojan Faransa, 'yarta Maryamu kuwa tana Faransa tun tana da shekara 5, ta auri ɗan sarkinsu. Waɗansu hakimai sun riga sun ɗaure alkawari za su tsaya wa Bishara. Ran 11 ga Mayu Noks ya yi wa'azi a garin Perth a kan bautar gumaka. Da aka tashi sai tarzoma ta ɓarke, taro ya farfasa siffofin cikin majami'a, ya washe gidajen sufaye. Noks ya ce aikin 'yan iska ne, amma wutar daga bakinsa ta kama. Cikin Yuni ya hau mumbari a Sant Andurus, ko da shi ke babban bishop ya aiko za a harbe shi. Abin da ya faɗa cikin jirgin bayi ya cika.

Yaƙi ya tashi. Akwai lokacin da aka kori hakiman daga Edinbara, zuciyarsu ta karai, wa'azin Noks a Sitalin ne ya tashe su. Duk da haka da ba su ci ba, sai da Alisabatu ta aiko da jiragen ruwa da soja. Uwar sarauniya ta mutu cikin Yuni 1560, cikin Yuli aka yi sulhu, sojan Faransa da na Ingila duka suka fita. Cikin Agusta majalisar ƙasa ta zauna, ta soke ikon Paparoma a Sikotland, ta karɓi Shaidar Bangaskiya wadda mutum shida suka rubuta cikin kwana huɗu. Abin mamaki, dukansu shida sunansu Yohanna. Majalisar ta kuma hana sujadar Mas, da dokar cewa wanda aka kama sau uku a kashe shi. Da wuya aka zartar da wannan hukunci, amma Noks ya so dokar. Mutumin da ya ga an ƙone malaminsa saboda bangaskiya bai koyi cewa takobin sarki ba ya tuba da zuciya ba. Kusan dukan mutanen zamaninsa haka su ke tunani, na Roma da masu gyara, amma yawan masu kuskure ba ya mai da kuskure daidai.

Mutum shidan nan suka rubuta wani littafi kuma na tsarin ekklesiya, a ganina kuwa nan ne zuciyar aikin Noks ta ke. Suka ce jama'a su ne za su zaɓi fastonsu, a gwada iliminsa da halinsa a fili. A zaɓi dattawa daga cikin mutanen gari, manomi ko maƙeri ko ɗan kasuwa, su zauna tare da fasto su bi da jama'a. Inda ba fasto, a sa mai karatu ya riƙa karanta Littafi Mai Tsarki da addu'o'i. Kowace ekklesiya ta kula da matalautanta, gwauraye da marayu da tsofaffi. Kowace ekklesiya kuma ta sami malamin makaranta, manyan garuruwa su sami makarantu na gaba, ɗan talaka mai kai a ɗauki nauyinsa har babbar makaranta, mai arziki kuma kada a bar shi ya ƙyale ɗansa cikin jahilci. Dalilinsu shi ne, in za a ce wa mutum ya auna koyarwa da Maganar Allah, ya zaɓi fasto, ya zama dattijo, lalle ya iya karatu. Kuɗin aikin kuwa, suka ce a ɗauko daga dukiyar tsohuwar ekklesiya.

A nan hakimai suka ja da baya. Shaidar Bangaskiya ba ta ci musu kome ba, sun sa hannu da sauri. Gonakin ekklesiya kuwa, da yawa cikinsu sun riga sun sa hannu a kai, ba su da niyyar saki. Waɗansu suka yi wa littafin ba'a, suka ce mafarkin masu ibada ne. Abin da aka shirya a ƙarshe shi ne, kashi biyu cikin uku ya zauna hannun masu riƙe da shi, kashi ɗayan a raba tsakanin gidan sarauta da fastoci. Fastoci da yawa suka zauna cikin talauci, ƙauyuka da yawa ba makaranta. Cikin Disamba na shekaran nan matarsa Majori ta mutu ta bar shi da yara ƙanana biyu.

SARAUNIYA DA FASTO

Cikin Agusta 1561 Sarauniya Maryamu ta komo daga Faransa, gwauruwa mai shekara 18, 'yar ekklesiyar Roma. Ta yi alkawari ba za ta taɓa addinin da ta tarar ba, amma ita za ta yi Mas a ɗakin sujadarta. Noks, wanda ya zama fasto na majami'ar Sant Jayils a Edinbara, ya yi wa'azi a kan wannan ba da daɗewa ba. Ta kira shi fada, ba sau ɗaya ba. Ta tambaye shi ko daidai ne talakawa su yi tsayayya da sarkinsu. Ya amsa cewa in sarki ya ƙetare iyakar da Allah ya sa masa, ana iya hana shi, kamar yadda 'ya'ya za su riƙe hannun uban da hauka ya kama, su karɓe masa takobi. Cikin 1563, da ya yi wa'azi a kan maganar aurenta, ta tambaye shi shi wane ne a ƙasar da zai sa baki. Ya ce shi talaka ne haifaffen ƙasar, ba hakimi ba, amma Allah ya sa shi mai amfani a cikinta, hakkinsa ne ya yi gargaɗi. Ta yi kuka, ya tsaya har ta gama. A ƙarshen shekaran aka kai shi gaban majalisar sarauniya da ƙarar cin amana, hakimai suka sake shi.

Mu da muka tashi inda talaka yakan tuɓe takalmi ya faɗi a gaban sarki, mun san nauyin wannan amsa. Ɗan talaka ya tsaya gaban mai sarauta ya ce shi ma yana da rabo cikin ƙasar. Amma in na tuna yarinya ce marainiya, baƙuwa a ƙasarta, kewaye da hakimai masu haɗama, sai in ga da ya haɗa gaskiyarsa da taushi, da bai rage kome ba. Wasiƙun da ya rubuta wa masu damuwar zuciya, musamman surukarsa, sun nuna ya iya lallashi sa'ad da ya so.

Cikin 1564, yana da shekara wajen 50, ya auri Magaret Situwat mai shekara 17, dangin gidan sarauta na nesa. Mutane sun yi surutu a kai. Ta haifa masa 'ya'ya mata uku. Sarauniya kuwa al'amuranta suka rikice. Aka kashe mijinta na biyu cikin 1567, ta auri mutumin da a ke zargi da kisan, hakimai suka tilasta ta sauka. Aka naɗa ɗanta Yakubu na Shida a Sitalin yana da wata 13, Noks ne ya yi wa'azin naɗin. Ta gudu Ingila, inda aka tsare ta shekara 19, aka kashe ta cikin 1587.

Ƙarfin Noks ya ƙare da wuri. Wani ɗan makaranta da ya gan shi a Sant Andurus cikin 1571 ya rubuta cewa sai mutum biyu sun ɗaga shi kan mumbari, yana jingine, amma kafin ya gama sai ƙarfi ya zo masa har ka ce zai farfashe mumbarin. Ran 9 ga Nuwamba 1572 ya yi wa'azinsa na ƙarshe, ya naɗa magajinsa a Sant Jayils. Da ya kwanta, ya sa aka biya baransa ladansa. Ran 24 ga wata ya roƙi matarsa ta karanta masa Korintiyawa ta Fari sura 15, da Yohanna sura 17, inda ya ce ya fara kafa bangaskiyarsa. Da dare ya cika.

Abin da ya shuka ya canja zaman mutanen ƙasar har cikin gidajensu. Sujada ta zama wa'azi da addu'a da Zabura, ba kayan kiɗa. Ranar Lahadi ta zama ranar tsit. Dattawa suna zama a kan masu maye da masu faɗa da masu zina, mai laifi yakan zauna a kan wata kujera a gaban jama'a, horon kuwa sau da yawa ya fi faɗa wa talaka da mace. Aka bar kiyaye Kirsimati domin ba a umurta ba cikin Littafi, shi ya sa bikin Sabuwar Shekara ya zama babban bikinsu, Kirsimati ba ta zama ranar hutu ta ƙasa ba sai 1958. Mutanen duwatsu sun daɗe ba su sami rabonsu ba. An buga littafin sujada da Gelik cikin 1567, shi ne littafi na fari da aka buga da harshen, amma Sabon Alkawari da Gelik na Sikotland bai fito ba sai 1767.

Maganar makaranta ba ta mutu ba. Aka yi doka a kanta cikin 1616 da 1633, sa'an nan cikin 1696 majalisa ta tilasta wa masu ƙasa su gina makaranta su biya malami a kowace gundumar ekklesiya, shekara 136 bayan littafin nan da aka yi wa ba'a. Daga irin gidajen talakawa masu karatun nan Dauda Libinston ya fito, da Maryamu Silesa, 'yar masaƙar Dandi, wadda ta zo Kalaba cikin 1876 ta zauna har mutuwarta cikin 1915. Walta Gowans, wanda ya mutu a Girku cikin 1894 yana neman hanyar kawo Bishara ƙasarmu, shi ma asalinsa Sikotland ne. Ekklesiyar da Noks ya kafa kuwa ta yarda mata su zama dattawa cikin 1966, su zama fastoci cikin 1968.

Aka binne shi a maƙabartar Sant Jayils. Mai riƙon sarauta ya tsaya bakin kabarin ya shaida cewa wanda ke kwance nan bai taɓa jin tsoron fuskar mutum ba. Daga baya gari ya cinye maƙabartar, aka shimfiɗe ta, ta zama fili a bayan majami'a inda a ke ajiye motoci. Wurin da a ke tsammani kabarinsa ya ke, shi ne gurbin mota mai lamba 23, da ɗan allo a ƙasa mai ɗauke da sunansa.